Yarinyar Ƙauye a Littafin "Wa Zai Auri Jahila?"

Wannan littafi, wanda Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990, labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, sa'an ubanta. Ta gudu Kano, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Gwanintar marubuciyar ita ce faɗin abin da kunya ta saba rufewa, watau cutar da auren dole ya ke yi wa yarinyar da ba ta ƙosa ba.

Amma fa littafin yana da rauni guda. Maganin da ya bayar shi ne gudu zuwa birni. To, wadda ba ta da dangi a Kano fa, asibiti kuma ya yi mata nisa? Ita ce kan yi doguwar naƙuda ta tashi da yoyon fitsari, ko kuwa, in cikin ba na aure ba ne, ta sha saiwa a ɓoye.

Harshen kansa ya raba al'amarin biyu. "Ɓari" samun mace ya ke yi. "Zubar da ciki" kuwa sai da mai aikatawa, don haka zargi ya ke biye da shi. Dokar Final Kod ta 1960 ma ba ta halatta shi ba sai don ceton ran uwa. Shi ya sa yarinya kan yi shiru har jini ya ci ƙarfinta.

Marubuciyar ta buɗe ƙofar zancen. Saura labarin wadda ta zauna a ƙauye.