Gani Ya Kori Ji: Wasan Sayyidina Umar A Telebijin Na Katar

A cikin watan Azumi na shekarar 1433 ta Hijira, watau Yuli da Agusta na 2012, gidan telebijin na Katar da ke birnin Doha ya haɗa kai da kamfanin MBC na mutanen Saudiyya, suka fitar da wani dogon wasan kwaikwayo mai suna Umar. Kashi 31 ne, da dare a ke nuna shi. Labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ne, Halifa na biyu, tun yana saurayi yana kiwon raƙuman ubansa a bayan Makka, har ran da Abu Lu'ulu'a ya soke shi a masallacin Madina cikin shekara ta 23 ta Hijira, watau 644. Wanda ya rubuta wasan shi ne Walid Saif, Bafalasɗine. Wanda ya sarrafa 'yan wasa kuwa Hatim Ali ne, mutumin Siriya, wanda ya rasu a 2020. A ƙasar Maroko aka yi aikin ɗaukar hoto.

Azumin wannan shekara ya faɗo ne a tsakiyar zafi, lokacin da ba mai fita waje da rana a Doha sai wanda ya zama dole. Da dare gari ke farkawa. In an sha ruwa, an yi sallar asham, sai maza su taru a majalisa, wadda ita ce zauren mutanen can, a yi ta zuba gahawa, akwatin telebijin na gefe yana aiki. Abin lura shi ne, wannan salla ta asham da suka fito daga cikinta, Umar ne ya tara mutane su riƙa yin ta bayan limami guda. Ga shi kuwa yanzu an ce ga shi nan a bango, yana tafiya, yana magana.

Wanda ke koyon Hausa ya kamata ya san Umar ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da wuya a sami unguwa wadda ba Umaru a cikinta, kuma duk Umaru a kan kira shi Faruku ko Sanda. Sarautar Sarkin Musulmi fassara ce ta Amirul Muminina, laƙabin da aka fara kiran Halifa da shi a zamanin Umar, shi ne kuma jama'a suka ba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Gudu cikin 1804. Ƙidayar shekarun Hijira ma a zamaninsa aka kafa ta. Amma duk wannan sani, sani ne na kunne. A bakin malami a ke jinsa, a zaure ko wurin wa'azi. Littattafan tarihi sun ce dogo ne, mai sanƙo, mai ƙarfin murya. Sauran kamannin, mai saurare ne ke cika su da kansa, har ya zamana ko wane mutum yana da nasa Umar a zuci, ba wanda ya yi kama da na wani. Haka abin ya ke ga Balaraben Doha, haka ya ke ga Bakano.

Masu yin sinima sun daɗe suna tsoron taɓa wannan wuri. A 1976 Mustafa Akkad ya yi Arrisala, wanda aka yi ta kallonsa a ƙasashen Musulmi. Ya nuna Hamza, ya nuna Bilalu, amma bai nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, bai kuma nuna ko ɗaya daga cikin Halifofin nan huɗu ba. Wasan Umar ya bi Akkad wajen ɓoye Annabi, ba fuska ba murya. Amma ya tsallake ɗaya iyakar: ga Abubakar, ga Umar, ga Usmanu, ga Aliyu, ko wanne da ɗan wasan da ya tsaya a madadinsa. Malaman Azhar na Misira suka ce bai halatta ba, Muftin Saudiyya na lokacin, Shaihu Abdul'aziz Al Shaikh, shi ma ya hana. A ɗaya ɓangaren kuma an sa waɗansu malamai su duba rubutun don kada a yi wa tarihi ƙarya, cikinsu har da Shaihu Yusuf Alƙardawi, wanda ya zauna Doha tun 1961 har rasuwarsa a 2022, da Ali Sallabi, mutumin Libiya, mai wani babban littafi a kan rayuwar Umar. Sabo da haka gardamar ta sauko daga wurin malamai ta shiga gidaje. Mai gida ya ce a kashe, ɗa ya ce ai malam wane ya duba, kowa da hujjarsa.

To, in an ajiye hukunci ga masu shi, an dubi wasan a matsayinsa na wasa, me a ke samu?

Abu na farko da ya kyautu a yaba shi ne harshe. Larabcin littafi ne tsantsa, amma Walid Saif ya sa shi ya zama maganar mutane masu jini a jika, ba karatun allo ba. Na biyu, bai mai da Ƙuraishawa wawaye ba. A wasannin da aka saba, kafiri ya kan fito da zare ido da dariyar mugunta, har mai kallo ya rasa dalilin da ya sa aka sha wahala da irin waɗannan. A nan kuwa Abu Jahali da Abu Sufyanu dattawa ne masu wayo, masu tsoron kada girmansu da fataucinsu su rushe, suna kawo hujja irin wadda mai dukiya ya kan kawo ko a wane zamani. Gidan Suhailu ɗan Amru ma an ba shi fili sosai, uba yana ɗaure ɗansa Abu Jandal sabo da ya musulunta, alhali kuwa yana sonsa. Duk mahaifin da ɗansa ya taɓa barin hanyar gida ya bi wata, zai ji wannan a jikinsa.

Amma inda marubucin ya fi nuna gwanintarsa shi ne wajen bayi biyu 'yan asalin Habasha, Bilalu da Wahashi. Littattafai ba su faɗi abu mai yawa a kan Wahashi ba: an yi masa alkawarin 'yanci in ya kashe Hamza, ya jefe shi da mashi a Uhudu, daga baya ya musulunta, ya kashe Musailama a Yamama. Walid Saif ya ɗauki wannan ɗan guntun labari ya shimfiɗa shi. Ya sa su biyun suna haɗuwa suna muhawara a kan abin da a ke kira 'yanci. Bilalu ya sami nasa tun yana kwance a rana da dutse bisa ƙirji. Wahashi ya sayi nasa da jini, sa'an nan ya tarar ba abin da ya sake, iyayengijin jiya har yanzu kallon bawa su ke yi masa. Yawancin wannan zance ƙirƙirar marubuci ne, ba ruwaya ba, ya kamata kuma mai kallo ya san haka. Duk da haka shi ne abin da ya fi zama a rai. Ya kuma dace da garin da ya biya kuɗin wasan fiye da yadda masu biyan su ke zato, gama mafi yawan mazauna Doha baƙi ne 'yan ƙwadago daga Asiya da Afirka, kuma a 2012 ma'aikaci ba ya iya sake wurin aiki ko barin ƙasar sai da yardar ubangidansa. Sai tsakanin 2018 da 2020 aka sassauta wannan doka. Mai zuba gahawa a majalisa da mai shan ta, ba abu guda su ke gani ba in Wahashi ya fito.

Aibin wasan kuwa a fili ya ke. Sunansa Umar, amma sai an ci wajen kashi biyu cikin uku kafin Umar ya hau halifanci. Shekaru goman nan nasa, daga 634 zuwa 644, an matse su a 'yan darare na ƙarshe, su ma yaƙin Yarmuk da na Ƙadisiyya, da dawaki da giwaye da ƙura, sun cinye wuri mai yawa. Ayyukan da suka sa masana shari'a ke ambatonsa har yau, kamar kafa diwani don rabon dukiyar baitulmali, da ƙin raba gonakin Iraƙi ga mayaƙa don na baya su samu, ba su sami filin da ya kamace su ba. Dalili a bayyane ya ke: doki a guje ya fi daɗin kallo bisa ga mutum zaune yana lissafi.

Sa'an nan shi kansa mai sunan wasan ya fi kowa ƙarancin motsi. An ɗauko wani saurayi ɗan Siriya, Samir Isma'il, wanda ba a san shi sosai ba a lokacin, don kada mutane su tuna sun taɓa ganinsa a wani wasa. Muryar da a ke ji kuma ba tasa ba ce, ta wani ce dabam, As'ad Halifa. Watau jiki na mutum guda, murya ta wani. Ga alama tsoro ya kama masu wasan, suka hana shi dariya mai yawa, suka hana shi gaggawa, sai tsayuwa da kallo mai nauyi da magana a hankali. Umar na littafi kuwa mutum ne mai zafin zuciya, mai saurin fushi da saurin kuka, wanda ya kan yi kuskure a gyara masa a gaban jama'a ya karɓa. Miyagun wasan sun fi shi rai, domin su ba a jin tsoron taɓa su.

Akwai kuma batun kiɗa, wanda wani Baturke, Fahir Atakoglu, ya tsara. Kiɗa ne mai kyau, ba musu. Amma a dubi labarin nan da ko wane almajiri ya sani, na daren da Umar ya fita zaga gari ya tarar da mace ta ɗora tukunya a wuta, ba kome ciki na ci, tana rarrashin 'ya'yanta su yi barci, ya koma ya saɓo buhun gari a bayansa, ya ƙi yarda baransa ya ɗaukar masa. In malami na ba da wannan labari a zaure, ya kan yi shiru in ya kai wurin buhun, jama'a su yi ajiyar zuciya, wani ya ce Allahu Akbar. Wannan shirun na mai saurare ne, a cikinsa ya ke tuna maƙwabcinsa, ko ya tuna hakiminsu. A telebijin ba a bar masa shiru. Kafin abin tausayi ya iso, goge ya riga ya sanar da shi cewa lokacin hawaye ya yi. Hausawa sun daɗe da rarrabe waƙa da kiɗa a sha'anin addini. Makafin da ke rera Imfiraji ta Aliyu Namangi a ƙofar gida ba su da ganga ba su da garaya, kalmomin kaɗai ke aiki. Mutum na iya zub da hawaye a gaban akwatin nan, ya tashi bai san ko adalcin Umar ne ya sa shi kuka ko kuwa gogen Baturke ba.

Wurin da wasan ya fi kusa da cika alkawarinsa shi ne Shekarar Toka, yunwar da ta auka wa Hijaz a shekara ta 18 ta Hijira. Nan babu doki babu takobi. Ga Halifa ya haramta wa kansa man shanu da nama har talakawa su samu, yana cin gurasa da man zaitun har launinsa ya sake, yana aika wa gwamnoninsa takardu su kawo agaji. A nan rashin motsin ɗan wasan ya zama alheri, gama mai jin yunwa ba ya yawan motsi. Kuma an nuna shi ga mutanen da su ma suka wuni da ƙishirwa, ko da ya ke su sun san akushi na jiransu.

Saura abin da malaman Azhar suka ji tsoro, wanda mai sukar wasa ma dole ya kula da shi ko da bai shiga maganar halal da haram ba. Hausawa kan ce gani ya kori ji, suna nufin yabon gani. Amma kora kora ce. Yaron da ya kalli darare talatin ɗin nan, in ya girma ya buɗe littafin Sallabi, ko ya zauna gaban malami, ba zai sake ƙera nasa Umar ba, an riga an ba shi wani, da gemunsa da rawaninsa, irin wanda aka ba yaron Jakarta da na Istanbul. Kano ma ta ɗanɗana irin wannan, sa'ad da aka juya wasan Annabi Yusufu na mutanen Iran zuwa Hausa, ya bazu cikin kasuwanni da gidaje, malamai suka yi ta gardama a kansa. Littafi ya kan bar wa mai karatu aiki, hoto kuwa ya gama masa aikin.

Ita kuma fuskar da aka ara, mai ita na nan da ransa, yana neman abincinsa. Bayan 2012 Samir Isma'il ya zama sananne a ƙasashen Larabawa, ya fito a wasannin zamani na soyayya da na 'yan sanda da ɓarayi, har da wanda aka nuna a 2024 mai suna Al'amil. Wanda ya fara saninsa a matsayin mai saɓa buhun gari cikin daren Madina, yanzu ya kan gan shi sanye da kwat, riƙe da bindiga, yana magana da muryarsa ta ainihi.