Wa Ya Buɗe Ƙofar? Tarken Fina-finai Uku na Halittun Wata Duniya

Gabatarwa

Daga cikin fina-finan ban tsoro da ake shiryawa a Amurka akwai wani rukuni da manazarta ba su cika waiwayarsa ba, saboda ana ɗaukarsa shirme da zubar da jini kawai. Rukunin kuwa shi ne na fina-finan da ke nuna wasu halittu suna kutsowa daga wata duniya mai maƙwabtaka da tamu. Ya kyautu tun farko a bambanta su da fina-finan baƙin sararin samaniya. Baƙon sararin samaniya daga nesa yake, sai ya hau jirgi ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. Su kuwa waɗannan halittu suna tare da mu a ɗaki guda, wani labule ne da ido ba ya gani ya raba tsakani. Bahaushe mai kallo ba zai sha wuyar fahimtar haka ba, domin ya tashi da sanin akwai mutanen ɓoye masu ganinmu ba ma ganinsu.

Wannan maƙala za ta dubi fina-finai uku, wato Phantasm (1979) da From Beyond (1986) da The Mist (2007). Abin da take son tabbatarwa shi ne, darajar kowannensu ta rataya ne a kan amsar da ya bayar ga tambaya guda: wa ya buɗe ƙofar, kuma me ya kai shi? Munin dodo da yawan jini ado ne kawai a kan wannan tambaya.

Phantasm: Ƙofar Maraici

Don Coscarelli yana ɗan shekara 25 wannan fim ya fito, kuma shi ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya riƙe kyamara, ya tace hotunan. Tauraron fim ɗin wani yaro ne maraya mai suna Mike, wanda ya leƙa maƙabarta ya ga wani Dogon Mutum, mai shirya gawa, ya ɗaga akwatin gawa shi kaɗai ya jefa a mota. Da bincike ya yi nisa sai ta bayyana cewa Dogon Mutumin, wanda Angus Scrimm ya fito a matsayinsa, yana matse gawawwaki su koma wadanni, sa'annan ya tura su bauta a wata duniya ja mai tsananin zafi. Ƙofar shiga can wasu sanduna biyu ne na ƙarfe da aka kafa a wani farin ɗaki.

Ta fuskar zubi da tsari fim ɗin a warwatse yake, al'amura suna bin juna kamar a mafarki, kuma wasan wasu 'yan wasan na 'yan koyo ne. To amma wannan warwatsuwa tana da dalili. Mike ya rasa iyayensa, yana bin wansa Jody duk inda ya sa ƙafa don tsoron kada shi ma ya tafi ya bar shi. A ƙarshe aka shaida masa cewa Jody ya riga ya mutu a haɗarin mota. Ke nan ana iya cewa baƙin cikin yaron ne ya buɗe ƙofar, Dogon Mutumin kuwa siffar mutuwa ce kamar yadda yaro zai ƙaga ta: mai kwashe mutane ta kai su inda ba a dawowa. Wannan jigo shi ya raya fim ɗin har yau, duk da ƙarancin kuɗin da aka kashe masa.

From Beyond: Ƙofar Kwaɗayi

Stuart Gordon ya samo tushen fim ɗinsa daga wani gajeren labari da H. P. Lovecraft ya rubuta a 1920, aka buga a 1934. Labarin gajere ne ƙwarai, har mintunan farko na fim ɗin sun cinye shi, sauran duk ƙari ne. Wani masani, Dakta Pretorius, da mataimakinsa Crawford Tillinghast sun ƙera na'urar da ke motsa wata 'yar tsoka a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira finiyal. Da an kunna na'urar sai mutum ya ga wasu halittu kamar kifaye suna iyo a iska. Matsalar ita ce, da zarar ka gan su, su ma sun gan ka.

A nan amsar tambayarmu a fili take. Bahaushe kan ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma Pretorius kwaɗayin sani da na jin daɗin jiki ne suka haɗe masa har ya rasa kansa, ya dawo a siffar dodo mai narkewa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne likitar ƙwaƙwalwa, Katherine McMichaels, wadda Barbara Crampton ta fito a matsayinta. Ta zo ne don ta ceci Crawford daga zargin kisa da hauka, ta ga haɗarin da idonta, amma da dare ya yi ta lallaɓa ta sake kunna na'urar da hannunta. Wannan fitowa ita ce zuciyar fim ɗin, domin ta nuna cewa ilimi bai hana ta abin da ya halaka Pretorius ba.

Sai dai daga nan Gordon ya saki layi. Rabin fim ɗin na biyu ya cika da batsa da cin ƙwaƙwalwar mutane, dodon kuma ya daɗe a gaban kyamara har ido ya saba da shi. Abin da ido ya saba da shi kuwa ya daina ban tsoro, sai dai ƙyama. A ganina fim ɗin ya faɗa ramin da ya gargaɗi taurarinsa a kai, wato rashin sanin inda za a tsaya.

The Mist: Ƙofa Biyu

Frank Darabont ya gina wannan fim a kan labarin Stephen King na 1980. Wani hazo mai kauri ya lulluɓe wani ƙaramin gari a jihar Maine, mutane suka maƙale a cikin babban kanti, halittu masu kisa suna yawo a waje. Daga baya aka ji cewa sojoji ne suka ɓarke labulen a wani gwaji na asiri. Wannan ita ce ƙofa ta farko, kuma Darabont bai ɓata lokaci a kanta ba. Ƙofa ta biyu a cikin kantin aka buɗe ta. Cikin 'yan kwanaki tsoro ya raba jama'a gida biyu, wata mata mai suna Carmody ta tara mabiya da wa'azin ƙarshen duniya, har suka daɓa wa wani matashin soja wuƙa suka jefa shi waje a matsayin hadaya. Bayan haka ta nemi a ba ta ɗan David Drayton, tauraron fim ɗin.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Wasu halittun da aka zana da kwamfuta ba su gamsar ba, kuma an fito da Carmody a matsayin muguwa tun daga farko, alhali da an nuna ta da ɗan tausayi da hatsarinta ya fi girma. Amma ƙarshen fim ɗin, wanda Darabont ya sauya daga na King, ya isa a tsaya a kansa. David ya tsere a mota da ɗansa da mutum uku, mai ya ƙare, harsasai huɗu suka rage. Ya harbe su duka don kada dodanni su cinye su, ya fita yana neman mutuwa. Sai hazo ya yaye, ga motocin sojoji ɗauke da waɗanda aka ceto.

Wasu na ganin wannan mugunta ce kawai ga mai kallo. Ni kuwa ina ganin a nan jigon ya cika. David shi ne mai hankalin da ya ƙi hadayar Carmody, amma da ya yanke ƙauna sai ya aikata da hannunsa abin da ya hana ta. Ita ta tabbata ta san nufin Ubangiji, shi ya tabbata babu sauran mafita, kuma dukansu biyu sun yi hukunci a kan abin da hazo ya ɓoye musu.

Kammalawa

An ga yadda fina-finan uku suka amsa tambaya guda ta hanyoyi daban-daban: maraici a Phantasm, kwaɗayi a From Beyond, tsoro da yanke ƙauna a The Mist. An kuma ga cewa inda mai shirya fim ya dogara ga nuna dodo, nan aikinsa ya yi rauni, inda ya tsaya a kan mutumin da ke bakin ƙofa kuwa, nan ya yi ƙarfi. A bisa wannan ma'auni The Mist ne a gaba, Phantasm na biye da shi, From Beyond ya zo na uku duk da kyawun farkonsa. Darasin ya shafi ɗalibanmu masu rubuta labaran aljanu da dodanni: kafin a zauna ƙaga wa dodo ƙaho da farata, a fara sanin wane ne ya kira shi, da abin da yake nema.