Wa Ya Biya Bashin Faust? Bitar Wasan Kwaikwayon Goethe

A shekarar 1587 wani mai maɗaba'a a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, Johann Spies, ya fitar da wani ɗan littafi da ba a sa sunan marubucinsa ba. Labarin wani malami ne, Dakta Faust, wanda ya tsaga hannunsa ya rubuta wa Shaiɗan takarda da jininsa: a ba shi shekara 24 na sani da biyan buƙata, in wa'adi ya cika a zo a tafi da ruhinsa. Ranar da wa'adin ya cika, ɗalibansa suka wayi gari suka iske jini ko'ina a ɗakin, gawarsa kuma an yar a kan juji. Littafin wa'azi ne tsantsa, don a tsorata masu shisshigi cikin abin da Allah ya ɓoye. An kuwa yi wani Faust na gaske, ɗan duba kuma mai magani, da ya yi ta yawo a garuruwan Jamus a farkon ƙarni na 16. Tun 1507 wani babban malamin coci, Trithemius, ya rubuta wasiƙa yana kiransa mayaudari.

Labarin ya tsallaka Ingila, Christopher Marlowe ya mayar da shi wasan kwaikwayo kafin rasuwarsa a 1593. Sa'ar ƙarshe ta Faustus a wasan Marlowe, yana roƙon lokaci ya tsaya agogo kuwa na ta tafiya, tana cikin wuraren da suka fi tayar da tsikar jiki a adabin Turawa. Amma lissafin bai sake ba: wanda ya ci bashi shi aka kama. Johann Wolfgang von Goethe ne ya birkita lissafin. Ya fara taɓa labarin yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya fitar da kashi na farko a 1808, ya kammala na biyu a 1831, aka buga shi a 1832 bayan mutuwarsa. Kusan shekara 60 ke nan yana ɗauka yana ajiyewa, har aikin ya haura layin waƙa 12,000. Abin da ya sa har yau wasan bai tsufa ba shi ne tambayar da ya sauya. Na baya sun damu da inda ruhin mai sayarwa zai dosa. Goethe ya sa ido a kan mutanen da ake takewa tun cinikin yana tafiya.

Wasan ya buɗe ne a sama, a kan tsarin labarin Annabi Ayuba kamar yadda ya zo a littafin Yahudu da Nasara. Mephistopheles, ko Mefisto a taƙaice, ya nemi izinin jarraba Faust, aka ba shi. Tun daga nan mai karatu zai gane cewa wannan Shaiɗan ba dodo mai ƙaho ba ne. Mai barkwanci ne, mai kaifin harshe, wanda ya san raunin ɗan Adam ciki da bai, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗi, sai dai gaskiyar da ke kashe zuciya. Duk inda wani ya ɗaukaka wani abu, so ne ko ilimi ko addini, sai ya nuna masa ƙazantar da ke ƙasa. Shi ne ya fi kowa daɗin sauraro a wasan, kuma Goethe da gangan ya yi haka, don mai kallo ya ji a jikinsa yadda ake jan mutum.

Shi kuwa Faust, ba talauci ya kai shi ba. Dattijon malami ne da ya karance falsafa da shari'a da likitanci da ilimin addini, ya wayi gari ya ga bai riƙe komai ba. Har ya kai kofin guba baki, sai ƙararrawar Ista da waƙar coci suka tuna masa da yarinta, ya fasa. Da Mefisto ya biyo shi gida cikin siffar baƙin kare, abin da suka ƙulla caca ce. Babu wa'adin shekara 24. Sharaɗin shi ne: duk ranar da Mefisto ya iya sa Faust ya ji wani lokaci ya yi masa daɗi har ya so lokacin ya tsaya cak, to ranar ya faɗi, a tafi da shi. Wannan ɗan sauyi ya juya labarin baki ɗaya. Mutumin da tsirarsa ta rataya a kan kada ya taɓa gamsuwa ba zai iya zama wuri ɗaya ba, ba zai iya riƙe kowa ba. Dole ya yi ta wucewa, duk wanda ya ƙaunace shi kuma a baya za a bar shi.

Ta farko da aka bari ita ce Margarete, wadda ake kira Gretchen, kuma labarinta ne zuciyar kashi na farko. Yarinya ce 'yar talakawa, mai ibada, tana zaune da mahaifiyarta. Bayan an shayar da Faust tsimin wata mayya ya koma saurayi, ya hange ta a hanya tana dawowa daga coci, ya ce sai ita. Abin lura shi ne ƙanƙantar kayan aikin da Shaiɗan ya yi amfani da su: akwatin sarƙa da 'yan kunne da aka ajiye mata a ɗaki, maƙwabciya mai kwaɗayi da ta ba da lambunta wurin haɗuwa, da 'yar kwalbar maganin barci da za a ɗiga wa uwa don kada ta farka. Babu tsafi a ciki, duk abin da kowane mayaudari zai iya yi ne. Uwar ba ta farka ba. Yayanta Valentin, soja, ya tare Faust da takobi, aka kashe shi, ya cika yana tsine wa ƙanwarsa a gaban jama'a. Ga ciki, ga tsegumin mata a bakin rijiya. Ta haihu, ta jefa jaririn a ruwa, aka yanke mata hukuncin kisa. Lokacin da wannan na ƙarshe ke faruwa, Faust yana can dutsen Brocken a dandalin mayu, ana raye-raye.

Hausawa sukan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A nan Faust ne ya ɗebo, bakin wasu ya ƙone. Goethe kuma ba daga iska ya ɗauko labarin ba. A watan Janairun 1772 aka fille kan wata 'yar aiki, Susanna Margaretha Brandt, a Frankfurt saboda kashe jaririnta, lokacin Goethe yana sabon lauya a garin, ya kuma san shari'ar. Abin da zai ƙara sa mai karatu jinjina kai shi ne, a 1783, yana cikin majalisar sarkin Weimar, shi da kansa ya goyi bayan a ci gaba da hukuncin kisa a kan irin wannan laifi. Mutumin da ya fi kowa sa Turai ta yi wa irin wannan yarinya kuka, da aka ba shi alƙalamin mulki bai sassauta ba.

Wuri biyu ne suka fi tsaya mini a rai a kashin nan. Na farko inda Gretchen ta tambayi Faust kai tsaye matsayinsa game da addini, shi kuma ya shiga kwana-kwana da kalmomi masu daɗi. Yarinyar da ba ta yi karatu ba ta gane abin da malamin ya kasa gani: ta ce masa jininta bai haɗu da abokin nan nasa ba. Na biyu, inda Faust ya ji an kulle ta ya hau Mefisto da zagi, a wata fitowa da Goethe ya bar ta a zube ba tare da ƙafiya ba, kamar fushin ya fi ƙarfin waƙa. Mefisto ya amsa cikin sanyi da cewa ba ita ce ta farko ba, sannan ya tambaye shi, tsakanin su biyu wa ya jefa ta cikin halaka. Musulmin da ya karanta wannan zai tuna da aya ta 22 a Suratu Ibrahim, inda Shaiɗan ke barranta daga mabiyansa, yana nuna musu kira kawai ya yi suka amsa. A kurkuku kuwa, Gretchen ta zautu, amma da Faust ya zo fitar da ita ta hango wanda ke tsaye a bayansa, ta ƙi bin su, ta miƙa kanta ga hukuncin Allah. Ita kaɗai ce a wasan ta ce wa Shaiɗan a'a, a lokacin da a'ar ke nufin mutuwarta.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A labaran tsafin kuɗi da muke ji da waɗanda muke gani a fina-finai, boka ko aljani ba ya fara neman ran mai buƙata. Yakan ce kawo ɗanka, kawo mahaifiyarka. Bambancin shi ne, a namu labaran an san farashin tun ranar ciniki. Shi Faust ba wanda ya ce masa ya kawo kowa. Bai taɓa nufin kashe mutum ba, buƙatarsa kawai yake bi, gawarwaki na zubewa a gefen hanya. Wannan ya fi kusa da yadda zalunci ke faruwa a zahiri.

Kashi na biyu wata duniya ce, kuma a nan ne mai karatu zai sha wuya. Akwai dogayen wurare cike da gumaka da halittun tatsuniyoyin Girkawa, da ɗan mutumin da aka ƙera a cikin kwalba, da auren Faust da Helen ta Troy, waɗanda ba a fahimtarsu sai da sharhi a gefe. Wanda ya tsallake wasu shafuka bai yi laifi ba. Amma kada ya tsallake fadar sarki, inda Mefisto ya ceto masarautar da ta talauce ta hanyar buga kuɗin takarda a kan jinginar dukiyar da aka ce tana binne a ƙasa, wadda ba wanda ya tono. Gari ya ɗauki murna, daga baya ƙasar ta rikice. Goethe ya riƙe harkar baitulmalin Weimar, ya san abin da yake faɗi.

Kada kuma ya tsallake babi na biyar. Faust ya tsufa tukuf, ya zama mai mulkin wata ƙasa da ya ƙwato daga teku da madatsun ruwa da magudanai. Komai nasa ne, sai wata 'yar bukka a kan tudu ta wasu tsofaffin ma'aurata, Philemon da Baucis, da bishiyoyinsu da ƙararrawar ɗan cocinsu da ke hana shi sakat. Ya ce wa Mefisto a mayar da su wani wuri. Kafin gari ya waye bukkar ta zama toka, tsofaffin sun mutu, har da baƙon da suka saukar. Faust ya ce musaya ya nema, bai ce a yi fashi ba. Duk wanda ya taɓa ganin an tashi ƙauye don babban aikin da aka ce na ci gaba ne ya san wannan magana. Daga nan Damuwa, cikin siffar tsohuwa, ta hura masa iska a ido ya makance. Ya ji ƙarar shebur ya ɗauka ma'aikatansa ne ke haƙa magudana, alhali kabarinsa ake tonawa. Cikin wannan ruɗu ya hango al'umma mai 'yanci a ƙasar da ya shimfiɗa, ya ce da zai ga haka da ya roƙi lokacin ya tsaya. Ya faɗi matacce.

Ƙarshen ne ya fi jawo gardama, ni ma ban gamsu da shi ba. Mefisto ya fito da takardarsa, mala'iku suka sauko suka watsa furanni, suka shagaltar da shi, suka tafi da ruhin Faust. Hujjar ita ce wanda bai daina fafutuka ba ana iya cetonsa, sannan ga ƙauna daga sama, ga Gretchen tana roƙa masa. To amma ina tuba? Faust bai nemi gafarar kowa ba. Tsofaffin da aka ƙona ba a sake ambatarsu ba. Ana iya cewa Goethe yana nuna rahama ta fi ƙarfin lissafi, kuma takardar Shaiɗan ba ta da iko a kan ruhin da ba mallakar mai sayarwa ba ne tun farko. Wannan karatu ne mai ƙarfi. Duk da haka, sake ɗora wa yarinyar da aka cuta aikin ceton wanda ya cuce ta yana da nauyi a zuciya. Abin da ya hana ƙarshen ɓata wasan shi ne marubucin bai ɓoye ko gawa ɗaya ba. Ya jera su a gaban mai karatu, ya bar shi da hukuncinsa.

Mawaƙa sun gane inda jinin wasan yake. Schubert yana ɗan shekara 17 ya sa wa waƙar Gretchen a bakin abin kaɗi sauti a 1814. Berlioz ya fitar da nasa a 1846, ya ƙi bin Goethe, ya jefa Faust wuta. Opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da kiɗa, wadda ta fi shahara ita ce ta Charles Gounod, da aka fara nunawa a birnin Paris ranar 19 ga Maris, 1859, kuma da ita aka buɗe gidan Metropolitan na New York a 1883. Gounod ya zubar da cacar da falsafar, ya mayar da Faust tsoho mai kwaɗayin samartaka kawai, ya ba yarinyar fagen. Shi ya sa Jamusawa suka daɗe suna kiran wasan nasa Margarethe, don a ganinsu bai cancanci sunan Faust ba. Suna da gaskiya ta wani gefen, amma waƙar da take rerawa tana gwada sarƙoƙin a madubi tana nuna yadda tarko ke da kyau fiye da duk wani sharhi. Arrigo Boito ne, a Mefistofele ta 1868, ya yi ƙoƙarin haɗa kashi biyun, har da cacar.

Ga mai son shiga, akwai fassarori da Turanci da Faransanci da Larabci. Ya fara da kashi na farko, ana gama shi a zama biyu ko uku, sannan ya je babi na farko da na biyar na kashi na biyu, sauran kuma ya bi a hankali. In yana karantawa, ya riƙa ƙirga waɗanda suka mutu ba tare da sun sa hannu a kowace takarda ba: uwa, yaya, jariri, Gretchen, tsofaffi biyu da baƙonsu. Mutum bakwai ke nan, saboda ƙishirwar mutum ɗaya da bai taɓa ɗaukar kansa mugu ba.