Ɗan Daudu a Bakin Alƙalami: Suna ko Hali?

Tun 1988 ake ware ranar 11 ga Oktoba a Amurka domin abin da suke kira fitowa fili, wato mutum ya bayyana wa dangi da abokai asirin jinsinsa. Wannan al'ada ta haifi wani zubin labari: jarumi ya ɓoye, ya sha wuya, ya furta, sai labari ya ƙare. To, ko a can gida zubin bai tsira daga suka ba.

A 1976 Michel Foucault na Faransa ya nuna cewa matsa wa mutum ya furta asirinsa wata hanya ce ta mallake shi. Judith Butler kuwa, a littafinta Gender Trouble na 1990, cewa ta yi zama namiji ko mace a idon jama'a aiki ne da ake maimaitawa kullum, a tafiya da murya da sutura. In haka ne, kalma ɗaya ba ta iya ɗauke mutum dungurungum.

Mu ma batun ya shafe mu. A 2009 Rudolf Gaudio ya fitar da Allah Made Us, bayan ya zauna da 'yan daudu a Kano. Ya same su suna girki da sayar da abinci, gwanayen habaici ne, suna kiran juna da sunayen mata, amma da yawansu na da aure da 'ya'ya, wasu ma alhazai ne. Harshenmu ya riga shi gane haka, domin cewa muke yi wane yana daudu, wane ya daina. Raunin littafin shi ne baƙi aka rubuta wa, da ma'auninsu.

Ina namu? A yawancin littattafanmu da finafinanmu ɗan daudu abin dariya ne kawai: rangwaɗa, tafi, shewa, sai ya wuce. Ba uwa, ba bashi, ba tsoron mutuwa. Wanda kuma ya aro zubin furuci ya manta da kunya da kara, ya manta cewa dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi a Nijeriya. Magana a nan tana da tsada.

Hukunci na malamai ne da alƙalai. Namu shi ne mu zana mutum da halinsa, da shirunsa, da abin da maƙwabta suka sani suka kau da kai. Allah ya sa mu dace.