Zaburar Makoki a Bakin Kaka

Wata ɗabi'a ta yaɗu a majami'unmu, wadda ke ɗaukar kuka a gidan mutuwa alamar raunin bangaskiya, har ta kai idan yaro ya rasu, fasto ba ya karanta kome sai Zabura ta 23 da nasihar Manzo Bulus ga Tasalonikawa, sa'an nan ya umurci jama'a da haƙuri. Masu wannan ra'ayi sun manta cewa baƙin ciki irin na marasa bege Bulus ya hana, kuma Almasihu da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru. Hujjarsu ba ta cancanci a daɗe a kanta ba.

Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, bayan ɗawainiyar Likita Mila da abokan aikinsa, Zabura 150 ke hannun masu bi daga Wusasa har Jos, kusan sulusinsu kuwa makoki ne, kuma sulusin nan shi aka fi tsallakewa.

Hikimar waɗannan waƙoƙi tana ga wanda ake fuskanta da magana, domin mai makoki a cikinsu ba ya kai ƙarar Allah wurin mutane, gaban Allah yake tsayawa ya faɗa masa abin da ya yi masa, baki da baki. A Zabura ta 13, mai ayoyi shida kacal, Dawuda ya maimaita tambaya guda har sau huɗu game da ranar da wahalarsa za ta ƙare, kana ya juya ga dogara da yabo, kuma saboda wannan juyi ne masu wa'azi ke ƙaunarta. Ni kuwa ta 88 na fifita, wadda aka jingina wa Heman, don ita ba ta juyawa ko kaɗan. Mawaƙin ya ɗora wa Ubangiji alhakin jefa shi cikin rami da raba shi da aminansa, ya jero tambayoyi ko matattu na iya tashi su yi yabo, ya rufe da ambaton duhu; amma wanda ya karanta da lura zai tarar sau uku, a farko da tsakiya da wajen ƙarshe, yana shaida cewa bai fasa kira ba, dare da rana da sassafe. Wanda ya yanke ƙauna ai ba ya sammako zuwa ƙofar da ya tabbata ba kowa a bayanta, saboda haka naciyar nan ita ce imaninsa, ko da harshensa na da ɗaci.

A ganina babu mai bukatar wannan Zabura kamar kakar da jikanta ya riga ta. A gidajen Hausawa, Kirista da Musulmi, kunya kan hana uwa nuna son ɗan fari, sai kaka ta ɗauki nauyin: wurinta ake kai shi yaye, ita ke goya shi ta dama masa kunu, ta kira shi maigidanta, in mace ce kishiyarta, shi kuma ya tsokane ta da zancen haƙoranta da suka zube. Ran da ya rasu, masu gaisuwa kan nufi iyayensa, ita kuwa a ce mata, "Iya, ke ce babba, ki ƙarfafa su," alhali ta rasa wanda take zaton shi zai raka ta kushewa, ga kuma ɗiyarta tana kuka ba ta da maganin da za ta ba ta. Idan matan zumunta suka zo zaman makoki da tulunsu da cakinsu, ya kamata ɗaya daga cikinsu ta keɓe da tsohuwar ta karanta mata ayoyi 18 na Zabura ta 88 a hankali, ba tare da ƙarin sharhi ba. Ta 23 kuwa a dakata da ita sai ta nema da bakinta.