Bori a cikin faifai: ɗan sharhi a kan «Niamey Twice»

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba faifan «Niamey Twice» wanda kamfanin Stern's na London ya fitar a 1994. Mawaƙa biyu suka raba shi: Moussa Poussy, da Saadou Bori, ɗan Maraɗi, wanda ya rasu a 2008. Rabon Saadou kaɗai ya shafe mu a nan. Sunan faifan ma abin gardama ne, tunda an ambaci Yamai sau biyu alhali rabin kayan daga Maraɗi aka ɗauko su.

A Amurka, in mawaƙin karkara na Nashville ya fid da faifai, mujallar Billboard ke jera waƙoƙinsa bisa yawan ciniki da yawan sakawa a rediyo. Mu ba mu da wannan ma'auni. A wancan zamani, a gari kamar Dakoro, arewacin Maraɗi, waƙa ta karɓu ne in mai sayar da kaset ya yi ta kwafarta, in direba ya sa ta a tasha, in mata suka ɗauki amshinta wurin biki. Da wannan awo, «Dango» ita ce ta yi fice.

To, me aka ɗauko daga bori, me aka bari? Wanda ya karanta littafin Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972 a kan borin ƙasar Maraɗi ya san cewa waƙar bori kira ce, ba labari ba. Mai goge ko mai garaya, tare da masu kiɗan ƙwarya, yana ambaton iska da kirarinta, yana maimaitawa, ba ya tsayawa sai ta hau dokinta. Wato tsawon waƙar ba a hannun mawaƙi yake ba. A ɗakin ɗaukar murya kuwa mintoci aka ƙidaya masa. An riƙe sunan iska, an riƙe bayarwa da amshi, amma an cire jira, kuma jiran nan shi ne aikin. Sai kira ya koma ambato: ana faɗin sunan wanda ba a sa ran zuwansa.

Ba mu ce hasara ce zalla ba. Saadou mawaƙin dandali ne mai gita da gangunan zamani, ba sarkin bori ba, kuma bai ɓoye haka ba. Ta fuskar harshe ma muna yaba masa. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma mawaƙan zamani da yawa kan murɗe su don su shiga kiɗan aro. A kunnenmu, shi kiɗan ya sa ya bi magana. Bakinsa na Maraɗi ne, bai gyara shi ya koma Kananci don neman kasuwa ba.

Inda muke da ƙorafi shi ne haɗin sauti. An shirya shi don kunnen Bature wanda ba ya jin Hausa, mai ɗaukar murya a matsayin kayan kiɗa ɗaya cikin sauran. A wurare da dama kayan lantarki sun danne amshi, alhali a cikin amshin kirari yake. Mutumin Dakoro da ya taɓa tsayawa a filin wasa zai cike giɓin da kansa. Ɗalibinmu da ke son rubuta matanin don nazari, shi sai ya nemi tsohuwar da ta san kirarin ta zauna kusa da shi.