Gidan Haya a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Masu ƙwaƙwar kwamfuta suna da wata al'ada. Mutum ya sayo tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex ɗin nan da ake samu da arha, ya girke ta a lungun ɗaki ta kwana a kunne. A cikinta sai ya ƙirƙiri ƙananan kwamfutoci biyar ko shida: wannan tana ajiye hotunan iyali, waccan tana tare tallace-tallace, wata kuwa ta gwaji ce, a gina da safe a rushe da yamma. Manhajar da ke raba musu ƙwaƙwalwa da wurin ajiya ita ake kira haifabaiza. Aikinta na mai gidan haya ne, ta ba kowa ɗakinsa, ta hana wani leƙa na wani.

An daɗe ana zaɓar ESXi na kamfanin VMware, don shi manyan ma'aikatu ke amfani da shi, wanda ya iya shi a gida ya samu abin faɗa wurin neman aiki. Ga shi kuma akwai na kyauta. Sai Broadcom ya sayi VMware a watan Nuwamba na 2023, a Fabrairun 2024 ya janye na kyautar. An dawo da shi a 2025, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Microsoft ma daga Hyper-V Server 2019 bai sake fitar da na kyauta mai zaman kansa ba.

Da yawa sai suka koma Proxmox, wanda wani kamfanin Biyana ta Ostiriya ya fara fitarwa a 2008. An gina shi a kan Debian, yana aiki da KVM, wanda ya shiga zuciyar Linux tun 2007. Duk shigar da za ka yi Proxmox sai wani ƙaramin akwati ya tare ka, wai ba ka biya kuɗin rajista ba. Ka danna, ya tafi, ba a rage maka komai ba. Akwai kuma XCP-ng na 2018, jikan Xen, yana da masoyansa.

Ni dai gardamar wanne ya fi gudu ba ta dame ni ba, a ƙaramar kwamfutar gida da wuya ka ji bambanci. Abin dubawa shi ne makullin gidan yana hannun wa, shi ya sa na fi karkata ga Proxmox. Sai dai in ƙananan kwamfutocin sun ƙi tashi, kafin a yi ta zagin manhaja, a shiga BIOS a duba ko an kunna VT-x ko AMD-V, sau da yawa nan matsalar take. Mu kuwa da ake ɗauke wa wuta ba sallama, batirin ajiya ya kamata ya riga ƙarin ƙwaƙwalwa shiga gidan, domin yankewar wuta ɗaya 'yan haya shida take kayarwa a lokaci guda.